Manhajar da Ba Ta Taɓa Faɗuwa Ba

A tashar Tasawa, Sabi'u ya kasa zama wuri ɗaya. Ya miƙa wa dattijon da ke gefensa waya, bakinsa har kunne.

"Baba, dubi! Manhaja ce mai buga darar Turawa, ni na haɗa ta. Ta kara da wata manhajar sau hamsin, ta cinye duka. Lissafi ya ce ƙarfinta ba shi da iyaka! Gasa za ni kai ta Maraɗi, har na bar wa yayana gonata bana."

"Ko sau ɗaya ba a kada ta ba?"

"Ko kunnen doki ba a yi ba!"

"To ɗana, a ina lissafin zai ga iyakarta? Ni ma da nake kokowa a Kona, bayana bai taɓa ƙasa ba. Ashe samarin garin duk ƙanwata suke so! Ranar da na je Mayahi, a amalanken jaki aka maido ni. Waccan manhajar da ake ta kayarwa, wa ya haɗa ta?"

"Ni ne. Bara."

Dattijon ya ƙyalƙyale har da riƙe ciki. Sabi'u ya taya shi, amma da aka kira masu zuwa Maraɗi, bai tashi ba.