Ruwa Nake Roƙo, Ana Shafa Mini Mai

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Ku yi haƙuri da bakina, har yanzu bai gama miƙewa ba.

Kun san ni da Kofur Garba Garki, tsohon soja mai gadin ofis a nan Dutse. To, kofur ɗin gaskiya ne. Sauran biyun aro ne. Sunan da uwata ta raɗa mini Ngarbai, kuma a kudancin Chadi aka haife ni, a wani ƙauye kusa da Mundu. Yarenmu Sara.

Ina saurayi na shigo Kano neman aikin dako, sai yaƙin basasa ya tashi, ana ɗibar soja. A layi na haɗu da wani Isa, mutumin Garki. Ya ce, "Kai, idan ka ce Chadi za su iya korarka. Ka ce garinmu ɗaya." Mai ɗaukar suna ya ji Ngarbai, ya ce Garba. Ban gyara masa ba.

Sojan ƙasa ne ni, mu ne masu tafiya da ƙafa. Mun kwana cikin ramuka ruwa har gwiwa, takalmi ya ruɓe a ƙafarmu, mun ci ɗanyen rogo. A can na koyi Hausa, a bakin Isa, shi ya sa na fara iya zagi kafin gaisuwa. Wajen tsallake wani kogi harsashi ya same shi a ƙirji, ni kuma ya same ni a cinya. Shi bai tashi ba. Da aka binne shi, an binne mutum ɗaya tilo da ya san ko ni wane ne.

Bayan yaƙi na ce zan je gida, in na ɗan tara abin hannu. Sai aure, sai 'ya'ya. Sai kuma aka yi shekarar korar baƙi, na ga ana loda mutanenmu a manyan motoci. Tsoro ya kama ni, na kulle bakina gam. Ko Saratu matata ban gaya wa ba. Na ce mata iyayena sun rasu tun ina yaro. Har ni kaina na yarda uwata ta mutu, don hakan ya fi mini sauƙin barci.

Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha muka dawo nan, muka kama haya a unguwar Limawa. Kun san yadda zukata suka tashi shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Wasunmu sun kwashe iyali sun kai garuruwansu. Saratu ta ce, "Baban Rifkatu, in abu ya ɓaci, Garki za mu?" Na ce mata e. Garkin da ban san ƙofar gidan kowa ba.

Ana cikin haka, wata safiya ina ɗaura takalmi na faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikina na dama ya shanye. Aka kai ni asibiti, aka dawo da ni gida. Abin da ban sani ba, Hausa ta fice daga bakina kaf. Ni a ganina magana nake yi daidai, ashe yaren uwata ne kawai ke fitowa, yaren da na yi shekara talatin da wani abu ban furta ba.

Wani dattijon ikilisiya, ba zan kama suna ba, yana nan zaune, ya zo ya saurare ni ya ce baiwar harsuna ce ta sauko mini. Wata kuma ta ce mugun ruhu ne. Ni kuwa ƙishirwa ce ke kashe ni.

Bazara ce, ɗaki kamar tanda. Likita ya ce a riƙa ba ni ruwa da cokali kada in shaƙe, suna kuwa ba ni, amma cokali uku me zai yi wa ƙato? A yarenmu, ruwa sunansa man. Sai in nuna maƙogwarona da hannun hagu in ce, "Man, man." Saratu, baiwar Allah, sai ta ɗauko man zafi ta mulke mini wuya. In sake cewa man, ta ce, "Rifkatu, ba wannan yake so ba, kawo man kaɗanya." Rifkatu ita ce babbar 'yarmu. Haka suka mai da ni kamar kazar da za a gasa.

Kuna dariya, ni ma yanzu ina yi. Amma a lokacin kuka nake. Ga matar da ta yi mini komai, ga 'ya'yan cikina, babu wanda ya san kalma ɗaya ta bakina. Kuma ba laifinsu ba ne, ni na hana su. Na ga zan mutu baƙo a kan tabarmata.

Wata rana da azahar, duk sun fita tsakar gida shan iska. Na yi addu'a da yaren da ya rage mini, yadda uwata take yi idan za mu ci abinci. Na ce, "Uba, kai ka yi harsuna duka. Na ji kunyar wanda ka ba ni, yau ga shi shi kaɗai ne nawa. Kai kaɗai kake jina. Ka aiko mini da kunne ɗaya."

Kafin la'asar Alhaji Buba ya yi sallama. Maƙwabcinmu ne, Bafulatani dillalin shanu. Tun da gari ya ɗau zafi kan maganar shari'a gaisuwarmu ta koma daga nesa, amma ranar ya shigo dubiya. Ya zauna ya ce, "Kofur, ya jiki?" Na ce, "Man."

Saratu ta miƙa hannu ga kwalbar mai. Alhaji ya ce, "Dakata, uwargida." Ya ƙura mini ido, sannan ya faɗi wata gaisuwa ta ƙasarmu, a karkace, amma na gane ta. Na amsa. Ya juya ya ce, "Ruwa yake so. Na yi kiwo a ƙasarsu ina saurayi. Wannan kalmar ce baƙo ke fara koya."

Saratu ta saki kwalbar. Ita ta tallafe kaina, Alhaji ya riƙe kofi, na yi ta kurɓa a hankali ina hawaye. Ita kuwa kallona kawai take yi.

Daga ranar Ubangiji ya fara kwance harshena. Hausa ta dawo kaɗan-kaɗan, ƙafa ta taka. Da na iya haɗa magana, Rifkatu ta durƙusa ta ce, "Baba, mu 'yan ina ne?" Na gaya musu duka. Saratu ta ce, "Da ka faɗa mini, ai da na raka ka." Wannan maganar ta fi harsashin zafi.

Alhaji Buba ya ba masu koro shanu sallahu su tambaya mini gida. Amsa ta dawo bana. Ƙanwata tana raye. Uwata kuwa bara waccan ta rasu, da damina. Duk shekarun nan dangi suna cewa a yi mini makoki, ita tana hanawa. Abin da take cewa kawai, "Yana hanya." Ni kuwa ina nan ina buɗe wa motoci ƙofa.

Yesu ya gafarta mini, na sani. Ya warkar da ni, kuna gani. Amma bai dawo mini da shekarun ba, kuma ba zan tsaya a gabanku in ce ba sa yi mini ciwo ba.

Bayan girbi ni da Rifkatu za mu tafi. Ku yi mana addu'a, don da Hausa ta dawo, yaren uwata ya sake janyewa, sai 'yan kalmomi. Alhaji ya samo mana wanda zai yi mini tafinta in gaisa da ƙanwata.

Na gode wa Allah da ya ji ni ranar da babu mai jina. Ku dogara gare shi, yana jin kowane harshe. Wanda kuma yake da mai jiransa a wani wuri, kada ya jira watan gobe. Amin.