Waƙafin Sa'adatu

JIBIRIN: Salamu alaikum. Taiba?

TAIBA: Wa alaikumus salam. A'a, ɗan Kaduna! Ashe kana da lambata.

JIBIRIN: Ina wuni? Ya garin Bakura, ya maigidan, ya yara?

TAIBA: Lahiya lau. Ya Mafara, ya jikin Inna?

JIBIRIN: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya koyarwar kwamfuta?

TAIBA: Muna fama. Ya baƙunta? Shekara takwas ba ka gida, an ce yanzu tuwon dawa tsoro yake ba ka.

JIBIRIN: Sharri ne. Malmala uku na tashi da su jiya.

TAIBA: Madalla. To ɗan mace, faɗi abin da ke tafe da kai. Wata uku da dawowarka, sai yau ka tuna da ɗiyar kawunka.

JIBIRIN: Kin san jibi ne walimar sauka a Islamiyyar Kawu, can Maradun.

TAIBA: Makarantar ubana za ka ba ni labari?

JIBIRIN: Tsaya mana. Na ce mashi bana a bar rubuta takardun shaida da hannu. Na haɗa mashi manhaja a kwamfuta, a shigar da suna ta adana, ta buga takarda. Ɗalibi arba'in da ɗaya. Talatin da biyar sun shiga, shida sun ƙi.

TAIBA: Sun ci mi? Layin na yankewa.

JIBIRIN: Sun ƙi! Ƙi! Da na danna sai ta watso min jan rubutu. Kawu ya ce in ba ta gyaru kafin la'asar ba, zai sa a rubuta duka da alƙalami, ni kuma in koma inda na koyo danne-dannena. Har wata tsohuwa ta hawo mashin daga Janbako, wai an ce kwamfuta ta ƙi jikarta, ko yarinyar ba ta sauke da kyau ba ne.

TAIBA: Wayyo cikina! Kwamfuta ta zama mai jan baƙi!

JIBIRIN: Ke dariya ma kike. Wallahi har na fara duba jakata.

TAIBA: Kai dai ƙafarka ba ta zama. Karanto min sunayen shidan.

JIBIRIN: Sa'adatu, Isma'ila, Rabi'atu, Mu'azu, Asma'u...

TAIBA: Na shidan Shu'aibu ne ko Sa'idu?

JIBIRIN: Shu'aibu! Ya aka yi kika sani?

TAIBA: Kalle su da kyau. Mi suka haɗa?

JIBIRIN: Duk 'yan aji ɗaya ne...

TAIBA: A rubuce, Jibirin. Ɗan waƙafin nan na sama, tsakiyar suna. Na rantse da alamar tarawa ka liƙa sunan cikin umarnin SQL, wanda ke sa manhajar ta adana.

JIBIRIN: Haka na saba yi. A Kaduna bai taɓa ba ni matsala ba.

TAIBA: Don can ba ka gamu da Mu'azu ba. Kai ka buɗe zance da waƙafin sama, ita kuma tana isowa na Sa'adatu sai ta ɗauka an ruhe. Ta karɓi "Sa", ta rasa yadda za ta yi da "adatu".

JIBIRIN: Innalillahi! Kwana biyu ina neman wanga abu. To bari in goge waƙafin kawai.

TAIBA: Goge mi? Mutumin da ke mayar da yaro baya a kan ainu ɗaya, shi za ka miƙa wa Muazu? Ai gara ka ɗauki jakar taka. Buɗe layin umarnin a kwamfutar. Bayan kalmar VALUES share duk tarkacen nan, buɗe baka, sa alamar tambaya.

JIBIRIN: Tambayi, ina ji.

TAIBA: Ba tambayarka zan yi ba! Alamar tambaya, ita kanta, cikin baka. Ruhe baka, ruhe zance, waƙafi, sai ka miƙa mata sunan daban cikin nashi bakan. Ka sa waƙafi bayan sunan, Paiton, yaren manhajar taka, ba ya yahe rashinshi.

JIBIRIN: Baka... suna... waƙafi... Shi ke nan?

TAIBA: Shi ke nan. Umarni daban, suna daban. Ko wani ɗan iska ya rubuta mugun abu a gurbin suna, ba za ta bi shi ba. Gwada.

JIBIRIN: Bismillahi. Sa... 'adatu. Taiba! Ta shiga!

TAIBA: Mu'azu fa?

JIBIRIN: Ya shiga! Ga Asma'u ma. Kai, Allah ya yi miki albarka.

TAIBA: Amin. Ka ce wa Baba ɗiyarshi ta gyara.

JIBIRIN: Zan ce mun yi shawara. Kin san ma akwai makaranta biyu a Damaga da suka ce in ta Kawu ta yi kyau, su ma in zo in haɗa masu? Ina jin damina a nan za ta same ni.

TAIBA: Mun yi shawara? Kai, ɗan mace bai da...

JIBIRIN: Tsaya, tsaya, ga Kawu yana kira. Ki gaida maigidan!

TAIBA: Ka hwaɗa mashi gaskiya dai! Jibirin? Jibirin!