Tsokar da Kaka Ke Miƙa wa Jika

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu, iyayena mata na Bodinga da Shagari, da manoman da suka baro albasa a fadama suka zo, assalamu alaikum. Ni ce Zulaihatu Kamilu, ma'aikaciyar lafiya daga Lambara, kuma na ji daɗin ganin rumfar nan a cike.

Maganata a kan bitamin B12 ce, sinadarin da ke gina jini, yake kuma kula da jijiyoyi. Gero bai da shi, wake bai da shi, albasarmu duk da sunan da ta yi ba ta da shi. Yana cikin hanta da nama, da kifi da ƙwai da nono.

A Sifawa akwai Inna Atika, gwanar saƙa faifai. Kun san halin kakanninmu: da an sa musu tsoka a akushi, sai su waiga wajen jika su ce, "Zo, mijina, amshe." Haka ta yi shekara da shekaru, har hantar layya. Sai yatsunta suka mutu, ta daina jin basilla a hannu, ga kasala, ga mantuwa, ga kuma bikin jikarta ya matso, alhali ta yi alkawarin ba za a kai amarya da faifan kasuwa ba.

Na ce mu je asibiti. Ta ce, "Ɗiyata, tsuhwa na. Mi likita ka yi da tsuhwa?"

Da ƙyar ta yarda. Gwajin jini ya nuna ƙarancin B12, aka fara mata allura, domin cikin tsoho ba ya tsotsar sinadarin kamar na yaro.

Saboda haka, kada mu ɗora wa tsufa kowane laifi, a kai tsoho a duba shi da wuri. Mai ciki da mai shayarwa a ba su ƙwai da nono. Wanda babu haƙora, a daka masa naman. Da tsohuwar zuma ake magani, to mu riƙa kula da zumar.

An kai amarya watan jiya da faifai na hannun kakarta. Ranar da aka yi yanka, jikoki suka kewaye ta, ta dube su, ta tauna hantarta sarai.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a gonakinmu, ya mai da kowa gida lami lafiya. Na gode.