Na Dawo Daga Yamai Ba Diplom

Shugaban wannan taro, Baba Alhaji Nomau. Malamanmu na Birni. Dattawan Gaffati da suka yo takakka. Abokan aikina na biro. Iyayenmu mata da ke saurare ta bayan zana. Jama'ar Damagaram baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da shimfiɗar da kuka yi, na gode da ragon da kuka yanka, na gode da tarbar da kuka yi mini a tasha. Sai dai ina roƙon makaɗa su dakata, domin abin da kuka taru ku taya ni murnarsa, wato diplom, takardar shaidar cin jarrabawa, bai samu ba. Yau da safe na gaya wa maiɗakina Delu, ta ce: "Malam, ka faɗa musu da bakinka kafin su ji a kasuwa." Shi ya sa na miƙe.

Abu na farko, kun san ni, Tahiru komi magatakarda, a biron kwamanda, wato ofishin Baturen mulki, na yi furfura. Da aka ce mulki zai dawo hannun ƴan ƙasa, aka zaɓi ma'aikata su tafi Yamai su ƙaro ilimin shugabanci da tafiyar da mulki, ku kuka ce in tafi. Muka tafi tare da Suma'ila na Dakusa, wanda ni na koya masa aikin biro. Doka na karanta, tsarin mulki na karanta, kuma a jarrabawar rubutu ba wanda ya sha gabana.

Abu na biyu shi ne ranar jarrabawar baki. Babban malami ya dube ni ya ce: "Malam Tahiru, ruwa ya yi ƙaranci, garuruwa biyu na faɗa kan rijiya ɗaya, har an fasa wa wani kai. Ga su a ƙofar biro. Me za ka yi?"

Na ce: "Zan saurare su, in fassara wa kwamanda."

Ya ce: "Babu kwamanda. Kai ne kwamanda."

Na ce: "To, zan buga waya Yamai a ba ni umarni."

Ya ce: "Waya ta yanke. Mutane na jiranka."

Jama'a, na san irin wannan rijiya, na san irin waɗannan mutane, na san dattawan da ake kira su sasanta. Amma sai na sami kaina ina waiwayen hannun dama, wajen da Bature ya saba zama, ina jiran ya yi magana. Ba kowa a wurin sai bango. Malamin bai yi dariya ba. Ya dai sunkuyar da kai, ya ce in tafi.

Aka yi wa Suma'ila tambayar nan. Ya ce zai je bakin rijiyar da ƙafarsa, ya tara masu garin biyu, ya raba musu ranakun ɗibar ruwa, in ya yi kuskure laifin nasa ne. Shi ya ci, ni na faɗi.

Abu na uku roƙo ne. Na san wasu za su ce an yi mini zalunci, ko malaman sun ƙi jinina. Kada ku ce haka. Ba wanda ya zalunce ni. Suma'ila zai zama mataimakin kwamanda, ni zan zauna ƙarƙashinsa, kuma zan gaishe shi kamar yadda ake gaida shugaba. Duk wanda ya raina shi don ƙuruciyarsa, ni ya ƙara wa kunya.

Suma'ila, ɗana, ga ka can baya ka ɓoye fuska. Taso ka zauna kusa da Baba Alhaji, nan ne wurinka. Abu ɗaya nake nema gare ka: ranar da mutane suka zo ƙofar biro da ƙara, kada ka bar ni bayan tebur. Ka tura ni waje in tsaya gabansu ni kaɗai, ko da murya za ta yi rawa.

Allah ya yi wa Suma'ila jagora, Allah ya ba ƙasarmu shugabanni masu iya yanke magana, Allah ya saka wa iyayenmu mata da suka sha hayaƙi tun safe, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.