Ranar da na roƙi likita ya kwance ni

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rifkatu, ni ce mai ɗinki a bayan tashar Sabon Birni.

Yawancinku kun san lokacin da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar garin Isa, kun kuma yi mini addu'a har Ubangiji ya dawo da ni gida. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, da igiyar shanu suka ɗaure mu a damtse. Tun daga nan ko awon hawan jini ba na bari a yi mini. Sai in ce lafiyata ƙalau, in ɗauki jakata.

Bara hannuna na dama ya fara mutuwa. Yatsu uku ba sa jin komai, allura ta faɗi ban sani ba. Ga ɗiyata Hannatu da cikin fari, ni kuma zan yi wa jariri wanka. Wata rana kofi ya suɓuce mini, na zauna ina kuka. Idan jikana ne fa?

A Sakkwato likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ƙaramin aiki ne, da idona biyu za a yi, allurar kashe zafi kawai. Na ji daɗi, har ina yi masa ba'a cewa ya yi ɗinki mai kyau don zan duba.

Da na kwanta, sai suka naɗa mini wani maɗauri a damtse, irin na awon jini, wai don ya tsayar da jini likita ya ga wurin sosai. Suka fara hura masa iska. Ya kama ni daidai inda igiyar ta kama. Ɗakin ya ɓace mini, na ga daji. Na ji bakina yana cewa, "Don Allah ku kwance ni, ba za ni gudu ba."

Wata nas, Bagobira Musulma, ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Inna, ke ma sun ɗauke ki?"

Na gyaɗa kai. Ta ce ƙanenta ma haka. Nan take likita ya saki iskar. Ya ce akwai wata hanya: allura mai haɗe da maganin da ke tsuke hanyoyin jini, sai dai a jira ta kama. Amma jikina yana ta rawa, ina so in tashi in tafi gida da hannuna a haka.

Nas ɗin ta riƙe hannuna na hagu. "Yi addu'arki, Inna, ni ma za ni yi tawa."

Na ce, Yesu, kai ma an ɗaure ka, ka san yadda yake. Ka fito da ni daga dajin nan, ka fito da zuciyata ma. Ban iya ƙara komai ba. Rawar jikin ta kwanta. Aka yi aikin ina ji suna hira, babu abin da ya ɗaure ni.

Hannatu ta haihu, namiji. Da wannan hannun na tallafe kansa a cikin ruwan ɗumi, na ji laushin gashinsa a kowane yatsa. Na gode wa Ubangiji!

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu mun dawo gida amma har yanzu ba a kwance mu ba. Ku faɗa masa, yana ji. Amin.