Naɗin Wayar da Ya Sanyaya Firjinmu

Shugaban taro, malaman makaranta, 'yan ƙungiyar masu gyaran injina, iyaye mata da ke can baya da goyo, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ce ma'aikaciyar jinya ta wannan ƙaramin asibiti, kuma godiya ce ta tsayar da ni gabanku. Kun san halin da muka sha: wuta ta ɗauke, firji ya yi ɗumi, maganin rigakafi ya lalace, mu sallami uwa da jaririnta ba a yi masa allura ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Godiyata ta farko ga Malamar Kimiyya, wadda ta ce iskar da ke kwashe mana shanya za ta iya cika mana batir. Ta biyu ga ƙanena mai gyaran janareta, wanda ya haɗa farfela da maganaɗisu, ya naɗa waya a jikin kofin shayina. Farfela ta juya, tsinken mitar auna wuta ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Malama ta ce, "Idan maganaɗisu na juyawa, naɗin yana kama canjin da ke ratsa cikinsa ne. Ka faɗaɗa bakinsa, ya kama da yawa, ƙarfin wutar ya ƙaru."

To, ƙanena ba ya yin abu rabi da rabi. Sai ya naɗa a wilin keke! Ya dawo yana gumi, yana cewa, "Yaya, na faɗaɗa, ta ƙi!" Malama ta yi dariya ta ce, "Faɗin da ya wuce inda maganaɗisu ke kaiwa asarar waya ne. Daidaita shi, ka ƙara zagaye."

Nan godiyata ta uku ta shigo, ga surukata, wadda ta ba da aron kwanonta, bakinsa ya zo daidai. Da aka gwada, tsinken mita ya miƙe tsaye, batir ya cika, firji ya ɗau sanyi. Inna, kwanonki ya lotse, ki yafe mana.

Jama'a, kukan jaririn da ya katse shugaba ɗazu, na allurar farko ne daga firjin nan. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi haka ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya mana yaran nan, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.