Goma Ta Koma Takwas

A tashar Birnin Gwari, Andrawus mai rubuta wa kwamfuta umarni yana matse a bencin motar Kaduna, ya ƙura wa wata takarda ido.

"Ɗan nan, sammaci ne?" in ji tsohuwar gefensa.

"Gargaɗi ne, Inna. Daga watan gobe, in injinmu ya ga lamba da sifili a gaba, kamar 010, takwas zai karanta, ba goma ba."

"Wane sakarai ke sa sifili a gaba?"

Andrawus ya yi tari. "Ni ne. Katin da injin ke karantawa har dubu uku na huda wa lambobi haka, don su yi kyau."

"Ayya, sannu. Amma injinku ya makara. Mu goma ne a bencin nan, tun safe ɗan kamasho yake rantsuwa mu takwas ne."